Arlit: Da Wace Tiya Ake Auna Daraktan Wasanni?

A cikin dukan ma'aikatan da gwamnati ke turowa Arlit, babu wanda hisabinsa ya kai na mai riƙe da ragamar wasannin makarantu sauƙi. Likita, in marasa lafiya suka riƙa mutuwa a hannunsa, gari zai ɗauka kafin la'asar. Daraktan kwaleji, ranar da aka fito da sakamakon BEPC, iyaye za su ƙirga waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, ba shi da wurin ɓuya. Ma'aikacin duwan akwai adadin da baitulmali ke jira daga wajensa ƙarshen wata. Shi kuwa daraktan wasanni, ko na gunduma ne, ko malamin da aka ɗora wa wannan nauyi a kwaleji ko lise, ko mai irin wannan kujera a jami'ar Agadas, da abu ɗaya ake auna shi: ya kawo kofi ko bai kawo ba. In ya kawo, sai a yi ta kirari, a ɗauki hoto da manyan gari, a ce an sami gwarzo. In bai kawo ba, sai ya ce babu kuɗi, kowa ya gyaɗa kai, a tashi taro. Hukuncin nan guda biyu duk na ƙarya ne, kuma yaran gari ne ke biyan kuɗinsu.

Wannan ɗabi'a tana da asali. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka zana garin Arlit a kan fako saboda shi, ya fara fitar da uraniyom a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974, ya gina Akokan, ya fara haƙa a ramin Akuta a 1978. Kamfani ne ya kawo ruwa, shi ya gina gidaje da asibiti, wutar da ke kunna su kuma daga gawayin Sonichar na Cirozerin take zuwa. A cikin unguwannin ma'aikata har da wuraren ninkaya da filayen wasa na manyan jami'ai, abin da ya sa aka yi wa garin laƙabi da Paris ta biyu. Wasa ma na kamfani ne. Urana ƙungiyar Somaïr ce, Akokana ta Cominak, kuma dukansu sun taka ƙwallo a rukuni na farko na ƙasa. A 2001 Akokana ta ɗauko Kofin Nijar, daga gari mai nisan kusan kilomita 1200 da Yamai, a gasar da ƙungiyoyin babban birni suka saba mayarwa gādonsu. Abin alfahari ne, kuma babu wanda zai ƙwace wa mutanen Akokan daɗin wannan rana.

Sai dai da bazar wani aka yi rawar. Motar da ta kai ƴan wasa ta kamfani ce, rigunan na kamfani, abinci da magani na kamfani. Jami'in gwamnati mai kula da wasanni aikinsa a irin wannan zamani bai wuce ya sa babbar riga ya zauna a layin gaba, ya miƙa kofin da wani ya saya ga yaran da wani ya horar ba. Shekara da shekaru ana haka, har aka manta cewa kujerar tana da wani aiki nata na kanta, wanda ba na ƙungiyar ƙwararru ba ne: ta tabbatar kowane yaro da kowace yarinya da ke cikin rajistar makaranta sun sami fili, sun sami malami, sun sami sa'o'in motsa jiki da jadawali ya ba su. A bayan katangar unguwannin kamfani kuwa akwai Bukkoki, inda leburori da baƙi da makiyayan da fari ya kora suka yi bukkokinsu da langa-langa da tsofaffin gangunan ma'adini. Inuwar giginya ce aka yi musu tun farko, a wasa kamar yadda aka yi musu a ruwa da wuta.

Yanzu bazar ta yage. Cominak ya rufe ramin Akuta ran 31 ga Maris na 2021, bayan ya fitar da tan 75,000 na uraniyom, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke ci a ƙarƙashin ƴan kwangila. A Azelik, kusa da Ingal, ma'adinin da Sinawa suka buɗe bai yi ƴan shekaru ba ya tsaya. An karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano a watan Yuni na 2024, sannan a watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, kuma ba su ne zancen yau ba. Abin da ya shafi wasanni shi ne, babu sauran wani Bature a Paris da za a ɗora wa laifi ko a miƙa wa ƙoƙon bara. Miya ta ƙare, yanzu ne za a san maci tuwo.

Me ya sa kofi ba ya isa ya zama ma'auni? Domin babu abin da ya fi shi sauƙin samu ta hanyar banza. Ƙungiyar ƙwallo mutum 11 ce, da ƴan canji a ce 18. Makaranta mai ɗalibai 1000 tana iya cin kowace gasa a jaha alhali 982 daga cikinsu ba su taɓa ƙwallo ba tun buɗe makaranta a watan Oktoba. Duk ƙwallayen da aka saya, duk sa'o'in fili, duk hankalin malami, an tattara su a kan waɗancan 18, sauran kuma an ce su zagaya fili sau uku su koma aji. Wannan ma in har 18 ɗin ɗalibai ne. Wanda duk ya taɓa tsayawa bakin fili a wasan makarantu ya san sojan haya in ya gan shi: ƙato mai gemu da aka ɗauko daga gareji ko tashar mota, aka manna hotonsa a katin wani. A ƙasar da dubban yara ba a yi musu takardar haihuwa ranar haihuwa ba, sai daga baya a je gaban alƙali da shaidu biyu a yanka musu shekara, rage wa yaro shekara uku bai kai wahalar sayen buhun shinkafa ba. Ba cutar Nijar kaɗai ba ce. Sai da ta kai hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun ƴan wasa a gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009. A Arlit ba a bukatar wannan na'ura. Rajistar aji ta isa, in akwai mai son buɗe ta. Daraktan da aka gaya wa cewa da kofi kaɗai za a auna shi, an riga an koya masa kada ya buɗe.

Ko a Amurka, inda daraktan wasannin babbar jami'a ke juya miliyoyin daloli, kuma ake korar mai horarwa saboda faɗuwar kaka ɗaya, sun gano tuntuni cewa allon ci ba ya faɗin gaskiya duka. Tun 1972 doka ta haramta wa makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta bambanta maza da mata, har a fagen wasa. Daga 2004 kuma hukumar wasannin jami'o'insu ta kafa wani awo na ci gaban karatun ƴan wasa, ƙungiyar da ta gaza a kansa ana iya hana ta shiga wasannin ƙarshe ko da ta fi kowa iya ƙwallo. Ba don a kwaikwaye su aka kawo misalin ba, domin nasu ɓarnar ta ishe su. An kawo shi ne don a ga cewa har masu bautar kofi sun yarda a tambayi darakta abin da ya wuce kofi.

Tambaya ta farko ƙirga ce, kuma ba ta cin ko dala. Ɗalibai nawa ke cikin rajista, nawa ne daga cikinsu suka yi darasin motsa jiki kowane mako, nawa ne suka buga wasa ko sau ɗaya tsakanin aji da aji? Wasa darasi ne da ake ba da maki a kansa a BEPC da bakaloreya. Ɗalibin da bai taɓa gudu a gaban malami ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi kamar yadda aka cuci wanda bai ga malamin lissafi ba sai ranar jarrabawa. Daraktan da ba zai iya faɗin waɗannan lambobi a tsaye ba, ba tare da ya ce sai ya duba ba, bai san garken da aka ba shi kiwo ba.

Daga cikin lambobin nan akwai wadda ake gudu, ita ce ta ƴan mata. An saba a ce iyaye ne ba sa so. Wasu iyayen ba sa so, gaskiya ne, amma a tambaye su me ba sa so. Uba ba ya son ƴarsa ta yi gudu a fili marar katanga, a bakin hanya, samarin unguwa na zaune a kan babura suna kallo, babu ɗakin canza tufafi, babu malama ko ɗaya. Wannan ba ƙin wasa ba ne, hankali ne. Aikin darakta ne ya nemi sa'ar da fili zai zama na mata su kaɗai, ya yarda da suturar da iyaye za su amince da ita, ya rubuta wa Agadas da Yamai yana neman malama daga cikin waɗanda makarantar INJS ke yayewa, ya je ya zauna da limamai da kwamitin iyaye. Wanda bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sannan ya riƙa raba takardar hutun likita ga duk yarinyar da ta nema don ya huta da magana, ba shi da bakin da zai ce al'ada ce ta hana.

Akwai kuma wata tambaya da ba a yi wa daraktan wasanni na Maraɗi ko Doso, amma wajibi ce a Arlit da Akokan: a kan wace ƙasa yaran ke gudu? Tun 2003 masu binciken CRIIRAD na Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta nan gari, suka fara nuna cewa akwai tururin ma'adini a ruwa da tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan ta tarar da wuraren da awon ya ninka na al'ada har kusan sau 500, saboda an yi amfani da tarkacen dutsen ma'adini wajen cike hanya. Kamfani ya kwashe wuraren da aka nuna daga baya. Cominak kuma ya bar tsibin dusar ma'adini na kusan tan miliyan 20 a gefen gari, wanda aikin rufe shi ke cikin alkawuran da aka ɗauka lokacin rufewa. Wannan ba yana nufin filin wata makaranta gurɓatacce ne ba, kuma ba daidai ba ne a tsorata iyaye da abin da ba a auna ba. Yana nufin a auna. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi, yana faɗuwa yana ƙujewa, yana shaƙar ƙura da buɗaɗɗen baki na tsawon sa'a ɗaya da rabi, ya fi kowa a gari kusanci da ƙasa. A garin da ya cika da injiniyoyi da na'urorin awon tururi, daraktan da ya shekara uku a kujera bai taɓa rubuta wasiƙa yana neman a zo a auna filayen makarantu a ba shi sakamako a rubuce ba, ko kofin Afirka ya kawo, ya faɗi. Haka zancen yake ga duk ƙasar da aka zubo don cike fili: daga ina aka ɗebo ta, wa ya sa hannu?

Zafi da ruwa su ma suna cikin lissafi. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin Arlit na wuce digiri 40, kuma daidai lokacin ne ake cunkusa wasannin ƙarshen shekara da jarrabawar motsa jiki. Sa wasa da ƙarfe uku na rana don kawai a lokacin ne babban baƙo ke da sarari, ganganci ne da ran ƴaƴan mutane. Randa biyu a bakin fili, akwatin magani, da sanin inda za a kai yaro in ya faɗi, ba su bukatar kasafin kuɗi daga Yamai.

Sai maganar kuɗi, wadda ta shafi masu karanta wannan jarida kai tsaye. Babu ɗan kasuwar Arlit da bai san takardar nan mai hatimi ba, wadda ke zuwa shago ana saura mako biyu gasa, ana neman gudummawar riguna ko man mota ko kuɗin kofi. Alhajin da zai tura mota Asamaka ya tsare yaronsa har dare sai ya kawo lissafin kowace jika, har kuɗin shayin hanya, shi ne kuma zai zaro jika 50 ya miƙa wa mai takarda, ba rasit, ba tambaya, don an yi masa alkawarin za a ambaci sunansa a lasifika. Wannan ba kyauta ba ce, sakaci ne, kuma shi ke ɓata ma'aikaci mai gaskiya, domin an nuna masa cewa gaskiyarsa da rashinta duk ɗaya ne. Iyaye ma suna zuba nasu ta hannun kwamitin kula da makaranta. Abin da ya shigo da abin da ya fita, takarda ɗaya ta isa ta ɗauke su, a manna ta a ƙofar ofis. Ƙwallo nawa aka saya, nawa suka rage a ɗakin ajiya ranar da aka rufe makaranta? Rigunan bara suna ina? Hanyar Arlit zuwa Agadas kilomita 240 ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, kuma kowane direba a tasha ya san man da take ci. Ma'aikacin da ransa ya ɓaci don an nemi wannan takarda ya riga ya ba da amsa.

Ma'aikatan gwamnati kuwa sun san yadda nasu awon ke tafiya. Takardar maki ta shekara ta zo, shugaba ya ba kowa 18 bisa 20 don a zauna lafiya, ya rubuta cewa ma'aikaci ne mai himma da biyayya. Sufeto ya zo daga Agadas sau ɗaya, a tarbe shi da rago, a nuna masa kofuna a cikin kabad. Canjin wurin aiki kuma, tun daga zamanin jam'iyyu da ya biyo bayan Taron Ƙasa na 1991, sau da yawa ya fi bin wanda mutum ya sani a kan abin da mutum ya yi. A irin wannan tsari, mai ƙoƙari da malalaci fansho ɗaya suke jira.

Masu kare darakta za su ce an tsananta. Za su ce an ba shi ofis babu mota, babu kasafi, malaman wasa ba su isa ba, waɗanda ake da su ma da yawa ƴan kwantaragi ne masu jiran albashi, kuma ba kowa ke son a turo shi arewa ba. Maganarsu tana da gaskiya, kuma zalunci ne a auna mutum da abin da ba a sa a hannunsa ba. Amma wannan kariya tana da sharaɗi. Wanda aka hana kayan aiki, hujjarsa ita ce wasiƙun da ya rubuta yana nema, da kwanan wata, da sunan wanda ya ƙi amsawa. In ya fito da su, laifi ya tashi daga kansa ya koma kan na sama da shi, kuma can ne ya kamata a bi shi. In ba shi da su, to ya yi shiru ne don ya tsare kujerarsa, ya ci ladan kuturu ya ƙi aski. Babu kuɗi ba amsa ba ce ga tambayar da ba ta cin kuɗi. Kokowa ba ta bukatar komai sai rairayi da alƙali, kuma rairayi bai taɓa yanke wa Arlit ba. Jihar Agadas ta karɓi gasar Takobi ta ƙasa a watan Disamba na 2023, inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida, dukan ƙasa na manne da rediyo da talabijin. Makarantu nawa ne a gundumar suka shirya kokowa tsakanin azuzuwa a watan da ya biyo baya, lokacin da kowane yaro ke kwaikwayon abin da ya gani? Gudu ma haka, langa ma haka. Lambobin yabo biyu da Nijar ta fara samu a gasar Olimpik, tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdurrazak Alfaga a taekwondo a 2016, duk a wasannin mutum ɗaya aka samo su, waɗanda ɗaki ɗaya da malami ɗaya ke iya rainonsu.

Na sama ɗin ma ba za su tsira ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adini don ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar. An yi shekaru zaɓaɓɓun jihar Agadas na kukan cewa kuɗin ba sa zuwa a kan lokaci. Daga abin da ya iso kuma, sefa nawa aka kashe a kan katangar fili, ko famfo a bakin fili, ko ɗakin canza tufafin ƴan mata? A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, abin da ya rage wuraren da talaka zai tsaya ya yi wannan tambaya. Saura kwamitin iyaye, da ƙungiyoyin malamai, da ƴan kasuwar da ake zuwa roƙo wajensu.

Shirin rufe Cominak ya tanadi miƙa gidaje da asibiti da hanyoyin ruwa da wuta ga ƙasa da jama'a. Filaye da ɗakunan wasa da kamfani ya gina a Akokan su ma dukiya ce da aka bari a gari, kuma fili marar mai shi a garin da ake neman wurin gini ba ya daɗewa yana fili. Wajibi ne daraktan wasanni na gunduma ya kasance yana da jerinsu a rubuce: wanne ne ya koma hannun wa, wa ke riƙe da mabuɗi, wace makaranta ke da izinin shiga a wace rana, har da makarantun Bukkoki. Kwamitocin iyaye suna zama a farkon kowace shekarar karatu, a watan Oktoba. A wannan zama ne ya dace a nemi jerin, tare da ƙirgar ɗalibai, da takardar awon ƙasa, da lissafin kuɗin bara, kafin kowa ya sa hannu a aljihu don gasar bana.